Adaugo da Tambayar Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan mai ƙuncin matattakala a Titin Ibrahim Taiwo, inda wani ofishin lauyoyi yake a saman shagon sayar da fanka, ya san Madam Adaugo. Ba lauya ba ce, kuma ba ta taɓa rigimar cewa ita lauya ce ba. Mai buga takardu ce. Amma sau da yawa za ka ga lauya da baƙar rigarsa ya tsaya a bakin teburinta, ya rage murya kamar mai neman gafara, yana tambayarta yadda ake fara wata takarda.

A Sabon Gari aka haife ta, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, 'yan shekaru bayan iyayenta sun dawo Kano da aka gama yaƙin basasa. Mahaifinta David kayan gyaran mota yake sayarwa. Mahaifiyarta Agnes tela ce, kuma rabin masu kawo mata ɗinki matan Fagge ne. A gindin keken ɗinkin nan Adaugo ta girma, tana tsince zare tana sauraren hirar manya. Shi ya sa Hausa take a bakinta kamar jakin Kano, kuma ba Hausar kasuwa kaɗai ba, har da ta cikin gida, wadda mata ke yi da rabin baki su ƙarasa da ido.

Tana gama sakandare ta shiga makarantar koyon tafireta. Daga tafireta mai ƙarar nan ta koma kwamfuta, ta yi shekara talatin tana buga takardun mutane: rantsuwar shekarun haihuwa, canjin suna, yarjejeniyar haya, jerin magada. Abin mamaki a aikinta shi ne ba ta kallon yatsunta. Fuskar mai magana take kallo. Idan dattijo ya ce shi kaɗai ya gaji gidan ubansa amma idonsa ya kauce, sai ta ɗage hannu ta ce, "Baba, a sha ruwa tukuna." Kafin ya ajiye kofi ya tuna da ƙannensa mata biyu da ke aure a Wudil.

Matsalarta ɗaya ce: hannu biyu gare ta, masu jira kuwa sukan cika matattakala har bakin shagon fanka.

Sai ga Barista Muhibba ta zo ofishin. Jikar malaman Fagge ce, amma a Abuja ta tashi, matashiya mai saurin tafiya da saurin magana, wadda ko shayi ba ta iya jira ya huce. Ta dubi layin nan kwana uku ta ce ba za ta iya gani ba. Ta tuntuɓi masu rubuta manhaja, suka ce a ba su wata uku. Ranar wata Litinin ta jawo kujera kusa da Adaugo, ta buɗe mata wani shafi a intanet.

"Anti Ada, kalli nan. Ba sai mutum ya iya yaren kwamfuta ba. Akwatuna ne kawai, ki jawo wannan ki ajiye, ki rubuta tambaya a ciki. Wanda ya amsa, amsarsa ta faɗa cikin jadawali, daga can ta shige cikin takardar da kika riga kika tsara."

Adaugo ta zare tabarau ta dube ta. "Barista, ni da ko batirin agogo ban iya sakewa ba?"

"Ki dai gwada. Ga wannan ma, ana ce masa sharaɗi. Idan mutum ya ce yana da mata, sai tambayar mata nawa ta fito. Idan ya ce ba shi da ita, sai ta ɓuya."

Nan Adaugo ta gyara zama. Ta mayar da tabarau, ta matso da fuskarta kamar mai duba tsakuwa a shinkafa. Can ta ce, "Au, wannan ne abin da ake ta yi mana kurari da shi? Ai aikina ne. Idan ya ce kaza, na tambaye shi kaza. Shekara talatin ina yinsa, ban san yana da suna ba."

Kwana huɗu ta yi. Ba ta rubuta ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba, tambayoyin da ke cikin kanta ta riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya tana jera su a akwatuna, da Hausa da Turanci. Har wata dabara ta saka wadda masu wata ukun ba za su taɓa tunaninta ba. Ta san tsofaffinmu ba sa riƙe shekara da lamba, don haka ta jera musu zaɓi: shekarar da aka gama yaƙi, shekarar da motoci suka canza hannu, shekarar da aka kwashi yara makarantar firamare kyauta. Tsoho ya nuna wadda ya sani, manhaja ta mayar da ita lamba.

Ranar Juma'a da hantsi aka gwada. Wani ɗan kasuwar Singa ya cike fom ɗin a wayarsa yana zaune a kan buhun sukari, kafin ya ratso titi ya hawo bene takardar hayarsa ta fito daga firinta da ɗuminta, Barista ta duba ta sa hannu. Mutumin ya juya takardar gaba da baya, ya dubi Adaugo, ya ce, "Madam, ke da aljanu kike aiki?" Ita kuwa hankalinta na kan takardar. Tana tsaye baki sake, tana kallon jimlolinta, da waƙafinta da komai, sun fito ba ta taɓa madanni ba. Gaskiya abin ya ba ta tsoro kaɗan, kuma ya yi mata daɗi ƙwarai.

Wata biyu aka yi lafiya lau. Matattakala ta zama wurin wucewa, mai shagon fanka ya daina ƙorafi.

Ranar da abin ya faru Adaugo ba ta ofis, ta je asibiti a sake mata tabarau. A ranar ne Hajiya Ummakulsum ta zo, wata dattijuwa 'yar Fagge da mijinta ya rasu bara. Iyalin suna son a mayar da takardar gidansu da sunan magada, kuma ofishin filaye ya nemi takardar rantsuwa daga uwar gida, mai ɗauke da sunayen 'ya'yan mamacin kaf. Autarta Ruwaida ce ta rako ta, ta zaunar da ita, ta ce bari ta leƙa Singa ta dawo. Barista Muhibba ta ɗauki waya ta riƙa karanto wa Hajiya tambayoyin tana cikewa.

"Hajiya, 'ya'ya nawa kuka haifa da marigayi?"

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Akwai Hamzat, akwai Bilqis, akwai Habibullah, sai wannan da ta fita."

Barista ta rubuta huɗu, ta kwashi shekarun haihuwarsu daga katunan da aka zo da su. Takarda ta fito tsaf. Aka sa gobe ƙarfe goma sha ɗaya za a haɗu a kotu Hajiya ta yi rantsuwa.

Washegari Adaugo ta iso ƙarfe takwas da sabon tabarau, ta buɗe jadawali don ta ga abin da aka yi a bayanta. Tana zuwa layin Hajiya yatsanta ya tsaya. An ɗaura aure shekarar da aka gama yaƙi. Hamzat kuwa, wanda ke saman jeri, sai bayan shekara shida aka haife shi. Ta sake dubawa, sannan ta juya wajen Barista.

"Barista, matar nan shekarunta nawa?"

"Za ta yi saba'in da wani abu. Me ya faru?"

"Da kika tambaye ta 'ya'ya nawa, lamba ta faɗa miki, ko sunaye ta jero?"

"Sunaye. Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne," in ji Adaugo, ta jawo waya ta kira lambar Ruwaida.

Abin da Adaugo ta sani, Barista ba ta kawo a ranta ba, shi ne kunyar ɗan fari. Matan zamanin Hajiya ba sa kiran sunan ɗansu na farko. Ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa yabonsa, idan ana lissafin 'ya'ya sukan tsallake shi su bar wa na kusa ya cike gurbin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da aka tarbiyyantar da su a kanta. Barista ita ma 'yar fari ce, amma mahaifiyarta da sunanta take rangaɗa mata kira tun daga ƙofar gida, to ina za ta tuna?

Ruwaida ta ɗaga waya. Adaugo ta gaishe ta, ta ce, "Akwai wanda ya girmi Hamzat a ɗakinku?"

"Ai Yaya Abdulmuminu. Shi ne babbanmu. Hedimasta ne a Gwarzo, a can gwaggonmu ta riƙe shi tun yaye. Yana hanya ma yanzu, ya ce kai tsaye kotun zai wuce. Lafiya dai ko?"

Adaugo ta ce lafiya, ta ajiye wayar a hankali. Ba lafiya ba. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda bai tashi a gidan ubansa ba, wanda duk zuwansa a zaure yake cin abinci kamar baƙo. Kuma ya iya Turanci. Nan da awa uku zai karɓi takardar nan ya karanta, ya ga uwarsa za ta rantse a gaban hukuma cewa 'ya'yanta huɗu ne. Ko an gyara daga baya, wa zai goge masa abin da idonsa ya gani?

Ta ce, "Bari in ƙara sunan in sake bugawa."

Barista ta girgiza kai. "Anti Ada, ba zai yiwu ba. Rantsuwar Hajiya ce, ba ta Ruwaida ba. Ba zan sa hannu a kan sunan da bai fito daga wajen mai rantsuwa ba. Sai ta tabbatar da kanta."

Gaskiya ta faɗa, Adaugo ma ta san haka. Sai dai abin da ake so Hajiya ta tabbatar, shi ne abin da ta yi rabin ƙarni ba ta furta ba.

A cikin adaidaita sahu, a kan hanyar gidan Hajiya a Fagge, Adaugo ta gane inda ta yi kuskure, kuma ba ta ɗora wa kowa ba. Duk tambayoyin da take yi da baki ta zuba su a manhajar. Amma akwai guda ɗaya da ba ta taɓa yi da baki ba. Idan tsohuwa ta gama jero 'ya'ya, Adaugo takan juya ta kalli wanda ya rako ta, ta ɗaga gira kawai, shi kuma ya ce, "Sai babban yaya." Shekara talatin tana wannan ɗaga girar ba ta taɓa lissafa shi a cikin aiki ba, don haka ba ta yi masa akwati ba.

A mahaɗar Bata suka cije. Masu ɗaukar dilar atamfa daga kasuwar Kwari sun tare hanya, kowa na hon, direban adaidaita ya kashe inji ya shiga faɗa da wani mai baro. Adaugo ta ɗora jaka a cinya, ta buɗe manhajarta a waya, ta fara jawo akwatuna. Ta saka sharaɗi: idan mai amsa mace ce da ta haura sittin, kafin a zo kan 'ya'ya, wata tambaya ta fito. Ta rubuta ta, ta goge, ta sake rubutawa, don kalmar "ɗan fari" ma ta yi tsirara da yawa. A ƙarshe ta bar ta haka: "Akwai babba, wanda ba a faɗa?" A ƙasa ta ajiye gurbin da ɗan rakiya zai rubuta suna ya karanta a fili, sannan manyan madannai biyu, kore da ja, na mai rantsuwa ita kaɗai. Ta haɗa gurbin da saman jerin magada a takardar. Kafin mai baro ya gama rantse-rantsensa ya janye, ta gama. Ta dubi agogo, minti goma sha huɗu.

Ta samu Hajiya a tsakar gida a kan tabarma, ta riga ta yi shirin fita, tana jan carbi. Adaugo ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe ta yadda ta ga ana yi tun tana yarinya.

"Inna, ni ce mai buga takardu a ofishin Barista. Jiya ba na nan. Akwai wata tambaya da aka manta, laifina ne."

"To, 'yar nan, Allah ya sa alheri. Yi tambayarki."

"Akwai babba, wanda ba a faɗa?"

Carbin ya tsaya. Hajiya ta kawar da kai wajen randar ruwa, ta daɗe tana kallonta kamar yau ta fara ganinta. Can ta ce, "Ai wancan kowa ya san da shi."

"Mutane sun sani, Inna. Takarda ce ba ta sani ba."

"Yanzu sai na faɗa?"

"A'a. Ba za ki faɗi komai ba." Adaugo ta ɗan yi murmushi. "Mu a wajenmu, Inna, 'yar fari da shela ake sanar da ita. Sunan nan nawa ma abin da yake faɗa ke nan, kuma har uwata ta rasu Maman Ada ake kiranta. Amma a gaban matan unguwar nan na girma. Na san naku ba rashin so ba ne."

Hajiya ta juyo ta dube ta sosai a karon farko. "Ke 'yar wace ce?"

"'Yar Agnes tela, ta Sabon Gari."

"Ikon Allah. Ita ta ɗinka mini kayan sunan Bilqis." Ta sauke ajiyar zuciya. "To, yaya za a yi?"

Adaugo ta miƙa wa Ruwaida wayar ta rubuta sunan, ta ce ta karanta da ƙarfi. Ruwaida ta ce, "Abdulmuminu." Sannan Adaugo ta ajiye wayar a kan tabarma gaban Hajiya ta ce, "In haka ne, ki taɓa koren. In ba haka ba ne, ki taɓa jan." Ita da Ruwaida suka juya baya, suka shiga kallon igiyar shanya. Ba su ga lokacin da ta taɓa ba. Ƙarar wayar kawai suka ji, kuma a can Titin Ibrahim Taiwo firinta ta fara fitar da sabuwar takarda mai suna biyar a gaban Barista.

Sha ɗaya saura suka haɗu a kotu. Barista ta zo da takardar, ta yaga tsohuwar takardar tun a ofis. Malam Abdulmuminu yana tsaye a baranda, dogo mai furfura a gemu, da biro biyu a aljihun gaba. Ya durƙusa daga nesa ya gaida mahaifiyarsa, ta amsa tana kallon wani wajen. Ya karɓi takardar ya karanta a nutse irin ta malamin makaranta, ya mayar wa Barista. Adaugo ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. A lissafinta an gama: doka ta ce wanda bai yi karatun boko ba sai an karanta masa takarda an fassara kafin ya rantse, za a karanta, Hajiya ta ce haka ne, a tashi.

Sai dai jami'in da ke rantsarwa ranar mutum ne mai bin diddigi. Bai yarda ya karanta jerin a dunƙule ba. Ya gyara zama ya ce, "Hajiya, zan kira su ɗaya-ɗaya, ki tabbatar mini da bakinki. Na ɗaya, Abdulmuminu. Ɗanki ne?"

Ruwaida ta sunkuyar da kai. Adaugo kuwa, wannan ba ta da akwatin da za ta jawo masa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ƙura wa ƙasa ido.

Malam Abdulmuminu ne ya matso. Muryarsa a kwance ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata uzuri. Ba ta saba ba. Ga ƙanwata nan, za ta shaida."

Jami'in ya ɗaga biro zai yi magana, sai murya ta fito daga cikin mayafin, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji.

"Ni na haife shi. Ranar Laraba da hantsi, ana ruwan sama. Kwana biyu ina naƙudarsa. Da aka zo tafiya da shi Gwarzo, ban fito rakiya ba, don kada a ga idona."

Adaugo ta buga rantsuwa ta fi dubu goma a rayuwarta, amma ba ta taɓa jin wadda ta sa tsigar jikinta ta tashi irin wannan ba. Jami'in ya yi gyaran murya, ya karanta sauran sunaye huɗun da sauri, ya turo takardar da ɗan akwatin tawada don a dangwala yatsa.

Malam Abdulmuminu ne ya ɗauki tawadar ya durƙusa ya riƙe mata. Hannunsa yana rawa har akwatin na neman suɓucewa, hawaye na sauka cikin furfurar gemunsa bai share ba. Hajiya ba ta kalle shi ba. Ta miƙo hannun hagu ta kama wuyan hannunsa ta tsayar da shi, sannan ta dangwala.